Ruwan sama da riƙon taya a wasannin tseren mota na kwamfuta

Akwai bambanci babba tsakanin wasan tseren mota da ke zuba ruwan sama domin ƙawata allo da wanda ke zuba shi domin ya sauya yadda taya ke kama kwalta. A kashi na farko, masu haɗa wasan suna rage ƙarfin riƙon taya da kaso guda a ko'ina cikin fili, su sa kwalta ta riƙa sheƙi, su yayyafa ɗigon ruwa a gilashin gaba, shi ke nan; direba ya rage gudu kaɗan, ya ci gaba da bin layin da ya saba bi lokacin da fili yake bushe. A kashi na biyu kuwa, ruwa yana ɗauke riƙon ne daga inda aka saba samunsa ya kai shi wani wuri, kuma inda ya kai shi a zagaye na uku ba lalle ne a same shi can a zagaye na goma ba. Wannan kashi na biyu ne kaɗai, a ganina, ya cancanci a ce yana kwaikwayon zahiri, domin shi ne yake tilasta wa mai wasa ya nemi riƙo da kansa a kowace kwana, maimakon ya haddace fili sau ɗaya ya yi ta maimaitawa.

Taya tana kama kwalta ta hanyoyi biyu. Ta farko, robar da ta ɗauki zafi tana manne wa fuskar tsakuwar da ke cikin kwalta, mannewa ta haƙiƙa, wadda ba ta yiwuwa sai roba da dutse sun haɗu babu komai a tsakaninsu. Ta biyu, roba abu ne mai lotsawa, idan nauyin mota ya danne ta sai ta kutsa cikin ƙananan ramuka da kaifin tsakuwa, kuma da yake ba ta komawa siffarta nan take, wannan jinkiri yana haifar da turjiyar da ke hana motar zamewa. Da zarar ruwa ya sauka, hanya ta farko ce ke fara mutuwa, saboda ko siririn danshin da ido bai cika gani ba ya isa ya shiga tsakanin roba da dutse. Abin da ya rage wa direba shi ne hanya ta biyu, ita kuwa ta dogara kacokan ga kaushin wurin da taya ta taka. Daga nan ake gane dalilin da ya sa farin fentin da ke gefen fili da dakalin kwana mai ja da fari, waɗanda direba ke hawa ba tare da shakka ba idan babu ruwa, suke komawa wuraren da suka fi ko'ina haɗari: fenti ya cike kaushinsu, babu abin da zai huda ruwan ya kai ga roba.

Tayar tsere ta lokacin bushewa ba ta da zane ko kaɗan, sumul take, domin a sami roba mafi yawa a kan kwalta. Tayar ruwa kuwa an tsaga ta da zurfafan layuka waɗanda aikinsu shi ne kwashe ruwa daga ƙarƙashinta su watsar da shi gefe da baya. Kamfanin Pirelli, wanda ke samar da tayoyin gasar Formula 1, yana da iri biyu na damina: mai koren zobe ta yayyafi da danshi, da mai shuɗin zobe ta ruwa mai ƙarfi, wadda kamfanin ya ce kowace ɗaya tana iya watsar da lita 85 na ruwa a cikin daƙiƙa guda idan mota na gudun kilomita 300 a awa. Amma kowane zane yana da iyaka. Idan ruwan da ke gaban taya ya fi ƙarfin abin da zanenta zai iya kwashewa, sai ya taru ya zama kamar matashi, ya ɗaga tayar sama, ta rabu da kwalta gaba ɗaya. A wannan lokaci birki ba ya aiki, sitiyari ba ya aiki, motar tana tafiya ne kawai inda ta riga ta dosa. Abin da ya fi dacewa direba ya yi shi ne ya sassauta totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya jira tayoyi su sake taka ƙasa. Wanda ya firgita ya murɗa sitiyari, to da zarar riƙo ya dawo motar za ta bi inda ya murɗa mata da ƙarfin tsiya, sai bango.

Wani yammaci cikin watan Agusta, ana malka a waje, muna shirya mota a wasan Assetto Corsa Competizione tare da ɗan yayata, sai ya ga na ƙara wa tayoyin ruwa iska. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai na ɗauka rage iskar za mu yi, don taya ta baje ta ƙara kama ƙasa." Na ce masa, "A rairayi ne ake yin haka, ɗana, a kan ruwa kuwa tayar da ta baje ita ce ke saurin yin iyo." Tunaninsa ba na banza ba ne, kuma na sha jin irinsa a bakin manyan direbobi da ke ɗaukar fasinja zuwa Illela da Birnin Kebbi, sai dai ruwa yana da nasa lissafin. Tun a 1963 masu bincike na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda ke neman dalilin zamewar jiragen sama a kan jiƙaƙƙen titin sauka, suka nuna cewa gudun da taya ke fara hawa kan ruwa yana ƙaruwa ne da ƙaruwar iskar da ke cikinta. Bisa lissafinsu, idan ruwa ya riga ya shafe zanen taya, mai iska 20 a ma'aunin mai faci za ta fara iyo a kusan kilomita 75 a awa, mai 30 kuma sai ta haura 90. Taya mai isasshiyar iska tana danna ruwa da ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri, kuma layukanta suna zama a buɗe. Mai ƙarancin iska tsakiyarta na lotsawa ciki ta tara ruwa. Shi ya sa a wannan wasa, wanda kamfanin Kunos Simulazioni na Italiya ya kammala fitarwa a 2019, masu wasa ke neman iskar tayar ruwa ta tsaya a wajen 30 idan ta ɗau zafi, sama da abin da ake nema a tayar bushewa.

Amma abin da ya fi jan hankalina a duk wannan sha'ani shi ne makomar layin tsere. Duk wanda ya kalli fili da kyau zai ga wani baƙin sawu da ke bin ta wajen kwana, ya yanko ciki, ya sake fita waje. Robar da tayoyi suka goge a kan kwalta ce, haɗe da ɗan maiƙo, kuma a lokacin bushewa nan ne riƙo ya fi yawa, domin roba tana son roba. Idan ruwa ya sauka sai al'amarin ya juye. Wannan robar ta riga ta toshe ramukan kwalta, tayoyi kuma sun daɗe suna goge tsakuwar wurin har ta yi laushi, don haka babu kaushin da zai huda ruwa. Duk ɗan kabu-kabu a Sakkwato ya san irin wannan: ruwan farko na watan Yuni, wanda ke sauka a kan ƙurar rani da baƙin man da ya ɗiga a shataletale tsawon watanni, ya fi ruwan Agusta kayar da mutane, kuma inda ababen hawa suka fi takawa nan ne ya fi santsi. A filin tsere ma haka yake, sai direba ya bar layin da ya haddace ya koma gefe, inda kwalta ba ta cika shan taku ba.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ba kauce wa layin kaɗai ake yi ba, dole ne a tsallaka shi sau biyu a mafi yawan kwanoni, sau ɗaya wajen shiga, sau ɗaya wajen fita. Dabarar ita ce a taka birki a gefen baƙin sawun, a tsallaka shi mota tana miƙe ba tare da an nemi komai daga tayoyi ba, a juya a can waje inda akwai kaushi, sannan a sake miƙar da mota kafin a ba ta wuta. Hanyar ta fi tsawo, amma ta fi sauri. Wanda ke son ganin wannan a zahiri ya nemi tseren Formula 1 na Birazil na 2016 a filin Interlagos, inda Max Verstappen ya faɗa can baya bayan ya shiga canjin taya ana dab da ƙarewa, sannan ya yi ta wuce motoci ta wajen kwana, ta inda sauran ba su taka ba, har ya ƙare na uku. Ayrton Senna ya yi makamancin haka a zagayen farko na tseren Donington a Ingila a 1993, inda ya wuce duk motocin da ke gabansa kafin zagayen ya cika.

Da wannan nake auna kowane wasa. Ina shiga kwana ɗaya sau biyu cikin ruwa, sau ɗaya a kan baƙin sawu, sau ɗaya ta waje, in duba agogo, in kuma saurari abin da sitiyari ke faɗa mini. Idan babu bambanci, to ruwan na ado ne. iRacing, wanda aka buɗe wa jama'a tun 2008, bai kawo ruwan sama ba sai a watan Maris na 2024, kuma duk da cewa masu wasa sun daɗe suna ƙorafin jinkirin, abin da ya fito ya nuna inda lokacin ya tafi: da yake an auna filayensa da na'urar leza, ruwa yana gangarawa ya kwanta a inda ƙasa ta yi kwari, baƙin sawu yana santsi, kuma wanda ya nace a kansa zai ga ana wuce shi ta waje. Kafin shi, Project CARS 2 na 2017 ya riga ya gwada sa ruwa ya taru ya zama kududdufi gwargwadon yanayin fili, Automobilista 2 na kamfanin Reiza da ke Birazil kuma ya gaji injin wannan wasa, wato manhajar da ke yi masa lissafi, ya ci gaba da gyara shi. Assetto Corsa na farko, na 2014, bai zo da ruwa ba sam, masu sha'awa ne suka ƙara masa daga baya.

Sai kuma zafi, wanda shi ne ke sa lissafin ya ƙi tsayawa wuri guda. Tayar bushewa ta Formula 1 tana son zafin da ya kai kusan digiri 100 kafin ta yi laushin da ake buƙata, ruwa kuwa yana zuƙe mata wannan zafi cikin ƙanƙanin lokaci. Idan ta huce sai ta taurare, iskar cikinta ta ragu, direba ya rage gudu saboda babu riƙo, rage gudun kuma ya ƙara hucar da ita. Tayar ruwa an yi ta da roba mai laushi da ke aiki a ƙaramin zafi, kuma motsin da ƙananan tubalan zanenta ke yi shi ke ɗumama ta. Matsalarta tana zuwa ne idan ruwa ya ɗauke. Motoci suna share ruwan da ke kan layinsu zagaye bayan zagaye har wani busasshen sawu ya bayyana, riƙo ya dawo inda yake da farko, tayar ruwa kuma ta fara ƙuna a kan busasshiyar kwalta, tubalanta su narke su cinye. Shi ya sa za ka ga ƙwararren direba, a zahiri ko a wasa, yana barin busasshen layi a miƙaƙƙiyar hanya ya bi ta inda ruwa ya kwanta da gangan. Ba ɓata ya yi ba, shayar da tayoyinsa yake yi.

A tsakanin jiƙa da bushewa akwai wani ɗan lokaci da tayoyin biyu ke ba da gudu ɗaya, kuma wanda ya gane wannan lokaci kafin sauran shi ke cin tsere. A tseren Formula 1 na Sochi ta Rasha a 2021, Lando Norris yana kan gaba saura zagaye kaɗan ruwa ya fara, ya zaɓi ya tsaya a kan tayar bushewa. Ruwan ya ƙaru, motar ta daina jin magana, Lewis Hamilton da ya shiga ya canza taya ya ci nasararsa ta 100. Shekara guda kafin nan a Istanbul ta Turkiyya, inda aka shimfiɗa sabuwar kwalta mai santsi dab da tseren, Hamilton ya yi akasin abin da zai yi a Sochi: ya ƙi canza tayoyinsa masu koren zobe har zanensu ya suɗe suka koma kusan sumul, abin da ya dace da filin da ke bushewa a hankali, ya ci tseren tare da kambunsa na zakaran duniya na bakwai. Shawara iri ɗaya ce, a tsaya a waje, ta kayar da ɗaya ta ɗaga ɗaya. Wasannin da suka ƙware suna jefa mai wasa cikin irin wannan ruɗani. Gran Turismo 7, wanda ya fito a watan Maris na 2022, yana da na'urar nuna tafiyar hadari da wani ɗan ma'auni a gefen allo da ke nuna yawan ruwan da ke ƙarƙashin mota, kuma a fili mai tsawo irin Spa ta Beljiyam, mai kilomita 7, yana yiwuwa ana ruwa a wannan ƙarshe alhali ɗaya ƙarshen a bushe yake. A Assetto Corsa Competizione babu tayar tsakiya, ko ta bushewa ko ta ruwa, don haka kuskuren zagaye biyu yana da tsada ƙwarai.

Gyaran mota domin ruwa ba shi da wani sirri mai yawa. Ana ɗan ɗaga ta daga ƙasa, a sassauta shokoba da sandunan hana karkata domin nauyi ya riƙa sauka a kan tayoyi sannu a hankali, a ƙara fiffiken baya, a mayar da kaɗan daga ƙarfin birki zuwa tayoyin baya tun da nauyi ba ya zubowa gaba kamar yadda yake yi a bushe. A motocin GT3, wato motocin tsere da aka gina daga samfurin motocin kasuwa, ana ƙara matakin na'urar hana birki cijewa da ta hana tayoyin baya juyawa a banza. Motocin Formula 1 ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, sai ƙafar direba da sauya giya da wuri.

Inda wasan kwamfuta ya gaza, ko da ya kai duk inda ya kai, shi ne jiki. Direba na gaske yana jin bayan motarsa ya fara zamewa ta kujerarsa da cikin kunnensa kafin idonsa ya gani. Mai wasa ba shi da wannan, sai ido da kunne da tafin hannu. Injin wasan yana lissafa ƙarfin da ke kan kowace taya ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda, ya aiko da sakamakon zuwa sitiyari mai ɗan injin lantarki a ciki, irin Logitech G29 da makamantansa. A busasshen fili sitiyarin yana da nauyi, yana ƙara nauyi cikin kwana, sannan ya ɗan saki idan tayoyin gaba sun kai iyakarsu. A cikin ruwa nauyin ya ragu tun farko, tazarar da ke tsakanin riƙo da zamewa ta matse, kuma idan mota ta hau kududdufi sai sitiyarin ya mutu a hannu ɗungurungum, kamar an cire wayarsa. Wanda ya saba da wannan saƙo yana gyara mota tun kafin ta bayyana a allo cewa ta zame.

A nan Sakkwato mafi yawanmu ba mu da wannan sitiyari, da hannun PlayStation muke wasa, a gida ko a gidan gem, kuma irin su iRacing, da ke buƙatar kuɗin rajista da intanet marar yankewa, suna da wuya a garin da hadari ke tasowa wuta ta ɗauke tare da shi. Wannan bai hana a koyi ruwa ba, amma yana sauya abin da ake dogara da shi. Da yake yatsa ba shi da faɗin motsin ƙafa, wasanni da yawa suna tace abin da hannun gem ya aika musu, su ɓoye wani ɓangare na zamewar, saboda haka dole mai wasa ya ƙara dogara ga kunne. A ƙara ƙarar tayoyi a cikin saiti, a rage ta kiɗa har ƙasa. A bushe taya tana kuka kafin ta saki. A jiƙe ba ta cika kuka ba, abin da ake ji shi ne shuuu na ruwa da ke sauya murya, da kuma injin da ke tashi sama ba tare da gudun mota ya ƙaru ba, alamar tayoyin baya suna juyawa a banza. Ido kuma ya koyi karanta kwalta: inda ta yi duhu ba sheƙi akwai riƙo, inda take nuna hoton sama da allunan talla kamar madubi ruwa ne kwance.

Akwai wani abu da ba na jin daɗinsa a wasanni da dama, wato motocin da kwamfuta ke tuƙawa. Sau da yawa na lura suna bin baƙin sawu cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, suna hawa dakalin kwana, babu abin da ke samunsu, alamar ba lissafin taya ɗaya ake yi mana da su ba. Wanda ya ɗauke su malamai zai koyi mummunar ɗabi'a. Tsere da mutane ta intanet, duk da wahalarsa a wurinmu, ya fi nuna gaskiyar fili, domin kowa yana fama da ruwa ɗaya.

Waɗannan lita 85 da kowace taya ke kwashewa ba ɓacewa suke yi ba, sama suke tashi su zama feshi a fuskar na baya. A Spa a watan Agusta na 2021 an kasa gudanar da tseren Formula 1 yadda ya kamata, aka yi 'yan zagaye kaɗan a bayan motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, aka raba rabin maki, kuma babban dalilin shi ne direbobin da ke baya ba sa ganin komai. Yawancin wasanni suna sassauta wannan feshi domin kada mai wasa ya gundura, amma waɗanda suka bar shi da kaurinsa suna ƙara wa matsalar riƙo wata fuska, tun da kududdufin da ba a gani ba ba a kauce masa. A irin wannan hali direba yana ɗan gocewa daga bayan motar da ke gabansa domin ya sami iska mai haske, ya daina neman alamar birki a kan kwalta ya koma ga allunan nisa da ke gefen fili, masu nuna mita 150 da 100 da 50 kafin kwana, kuma ya sa ido a kan jar fitilar ruwa da ke bayan na gaba. Idan fitilar ta fara girma da sauri, mai ita ya riga ya taka birki, na baya kuma, wanda tayoyinsa ke buƙatar tazara mai tsawo fiye da ta bushewa, ya kamata a ce ya taka nasa tun kafin hakan.